Chevrolet 3100 ta 1952: a mayar da ita yadda take, ko a yi mata hot rod?

Ƙanena, na ga tambayarka tun daren jiya, na bari sai da gari ya waye na zauna a nutse. Ka ce ka samu akori-kura ƙirar Chevrolet 3100 ta 1952 a wata gona a jihar Oklahoma, ta shekara da shekaru a cikin rumfa, injinta na asali yana nan kuma yana juyawa, kuɗin da aka sa mata bai fi ƙarfinka ba. Hankalinka ya rabu biyu: ka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, ko ka yi mata aikin da Amurkawa ke kira hot rod. Duka biyun na sa hannu a cikinsu a garejin da nake aiki, to ga abin da idona ya gani.

Saboda 'yan uwan da ba su saba da kalmar ba, hot rod tsohuwar mota ce da aka sake wa ciki don ƙarfi da gudu, aka kuma sake mata tsayuwa don ado. Abin ya taso ne daga kudancin Kalifoniya a shekarun 1930, lokacin da samari ke tuɓe wa tsofaffin Ford duk wani abu mai nauyi, su tafi busassun tafkuna irin su Muroc da El Mirage su gwada gudu. Bayan yaƙin duniya na biyu ya bunƙasa, Robert Petersen ya fara buga mujallar Hot Rod a 1948, Wally Parks kuma ya kafa ƙungiyar tsere ta NHRA a 1951. Kenan ranar da motarka ta bar kamfani, wannan sana'a ta riga ta kafu.

Mu fara da inji, tunda nan kowa ke fara leƙawa. Na asalin motarka mai silinda shida ne a jere, wanda ake kira 216, lita 3.5, ƙarfinsa kamar doki 90. Inji ne mai haƙuri, idan yana silo sai ka ce keken ɗinki. Amma yadda yake shan baƙin mai tsohon yayi ne: akwai wasu 'yan ludaya a ƙasan sandunan fistin da ke ɗibar mai suna watsawa, famfon bai tura shi da ƙarfi ko'ina. Metal ɗin sandunan kuma ba irin wanda ake zarewa a sa sabo ba ne, narka shi aka yi a jikin ƙarfen. In ya cinye sai ka nemi wanda ya iya zuba shi, kuma irinsu sun yi ƙaranci. Ga giyar da ke cikin aksul ɗin baya an yi ta ne don jan kaya, shi ya sa motar ta fi jin daɗinta a mil 50 zuwa 55 cikin awa. A babban titi inda kowa ke mil 70 ko 75, za ka zama kai ne ake ratsewa ta ko'ina, injin yana kuka.

Mai hot rod cire shi yake yi gaba ɗaya ya sa mai silinda takwas. A da 350 na Chevrolet ake yayi, lita 5.7, wanda ya fito a 1967. Yanzu an fi komawa ga jinsin LS, musamman mai lita 5.3 da ake cirowa daga motocin Chevrolet ƙirar Silverado da Tahoe waɗanda suka yi hatsari. Ƙarfinsa ya kai ninki uku na naka, yana tashi da bugu ɗaya ko da sanyin hunturu, kayansa kuma suna kowane shago. Sai dai yana zuwa da kwamfutarsa da tarin wayoyinsa, motarka kuwa wutarta bolt 6 ce, dole a sake wayarin kaf zuwa bolt 12.

Nan ne sababbin shiga ke faɗawa rami, don suna ɗauka inji kaɗai za su canja. Farfelar wannan mota, wato sandar da ke kai ƙarfin inji ga tayoyin baya, a cikin bututun ƙarfe take a rufe, bututun kuma haɗe yake da aksul ɗin baya. Da ka canja giyabos saboda sabon injin, farfela ba za ta hau ba. Da ka canja farfela, aksul ya tashi. Da ka sa sabon aksul, ramukan kusoshin taya sun bambanta, sai sababbin rim. Ga lagireto, ga salansa, ga akwatin sitiyari da ke zaune daidai inda gefen sabon injin zai sauka. Abu ɗaya ka taɓa, bakwai suka biyo shi. Mai mayarwa asali ba ya da wannan ciwon kai, domin duk abin da ya kwance ya san inda zai koma. Nasa ciwon na neman daidai ne. Misali, motocin 1952 sun fito lokacin yaƙin Koriya, ƙarfen ado mai ƙyalli ya yi wuya, sai kamfani ya shafa fenti a wuraren da aka saba ganin ƙyalli. In ka cika ta da ƙyalli, ta yi kyau, amma masana za su ce ba haka ta fito ba. Katakon bayan ma baƙin fenti aka yi masa a kamfani, ba wannan shafi mai sheƙi da ake gani a wuraren baje koli ba.

Batun birki kuwa, a nan ba na raba shawara biyu. Tayoyin huɗu duka birkin diram ne, masta, wato famfon man birki, ɗaya ce tal a ƙarƙashin ƙafar direba, layi guda take ciyarwa. Tiyo ɗaya ya fashe, ƙafa huɗu sun tafi lokaci guda. Sai a ƙarshen shekarun 1960 dokar Amurka ta tilasta masta mai gida biyu. Na taɓa gani da idona: wani dattijo ya kawo irin taka, fenti sabo fil, kujera sabuwa, komai na ɗaukar ido. Muna turo ta cikin gareji yaron aikinmu ya taka birki, feda ta nutse har ƙasa ba ko gardama. Da muka shiga ƙarƙashi muka tarar bututun ya ruɓe ta ciki, na murza shi da yatsu biyu ya farfashe kamar busasshen kara. Mutumin da jikokinsa yake yawo a cikinta ranar Lahadi. Saboda haka ko wace hanya ka bi, sabon bututu, masta mai gida biyu da bel ɗin kujera su ne farko. Masu son asali zalla za su yi ƙorafi, ka bar su su yi. In kuwa za ka ninka ƙarfin inji uku, birkin faifai a gaba ya zama tilas. Haka tankin mai, wanda ke tsaye a bayan kujera cikin kan mota tun daga ƙirar 1949. Masu hot rod suna mayar da shi ƙarƙashin bodin baya, kuma ina ganin sun yi daidai.

Sai tsayuwa. Asalin gabanta aksul ne miƙaƙƙe a kan sifirin mai ganye, sitiyari ba fawa, juya shi a tsaye sai da ƙarfin kafaɗa. Hanyoyi biyu aka fi bi wajen sake shi. Ko dai a walda gaba irin na motar Ford Mustang II, ƙirar 1974 zuwa 1978, a jikin shasin asali, ko a ɗauke bodin ɗungurungum a ɗora kan shasin Chevrolet S-10 mai dogon baya, tunda tazarar tayoyinsa ta kusa inci 118, taka kuwa 116. Ta biyun ta fi sauƙin kuɗi, tana kuma ba ka birkin faifai da fawa lokaci guda, amma S-10 ta fi ƙunci, tayoyi sukan shige can cikin madgad sai an turo su waje. Ta farkon ta fi kyan zama, sai dai tana son mai walda na gaske. Shasi ba wurin koyon walda ba ne.

Kar ka manta da takarda. Jihohi da dama a wancan zamani da lambar inji suke rajistar mota, ba da lambar da ke jikin ginshiƙin ƙofar direba ba. In lambar takardarka ta inji ce, ka je ofishin rajista a gyara tun injin yana cikin motar. Ka cire shi ka sayar kafin nan, ka jefa kanka cikin wahalar da ba ta da dalili.

Kuɗi fa? Ba zan yanka maka adadi ba, amma ka sani aikin bodi da fenti ɗaya ne a hanyoyin biyu, kuma shi ke cin kaso mafi tsoka. Tsatsa tana ɓuya a kusurwoyin kan mota na baya, da daɓen ƙasa, da gindin ƙofofi, da wurin batir da ke ƙarƙashin ƙafar fasinja. Abin daɗi, an ƙera waɗannan motoci da yawan gaske daga 1947 zuwa farkon 1955, har yau ana buga sababbin fallayen jikinsu, kusan babu abin da za ka nema ka rasa. Bayan bodi, hot rod ta fi cin kuɗi, kuma da wuya a mayar da abin da aka zuba in an tashi sayarwa, don abin da ya burge ka ba lallai ya burge mai saye ba.

To ni wace zan zaɓa? Wannan yawan nasu shi ne ya sa ba na jin ciwo idan an sake wa ɗaya ciki. Da a ce mota ce da saura 'yan ƙalilan a duniya, da na roƙe ka ka bar ta. Amma ba na son a yanka bodi. Rage tsayin rufi, datse shasi, toshe ramukan marikin ƙofa, duk wannan in an yi shi an yi ke nan. Abin da sifana ke kwancewa, yi shi hankali kwance, ka adana na asalin a lungu. Abin da sai an kunna wutar yanka, dakata tukuna.

Akwai kuma wata hanya tsakani da nake ƙauna, wadda ita ma hot rod ce irin ta mutanen da. Ka nemi injin 235 na tsakanin 1954 da 1962, ƙanin naka ne, amma famfonsa yana tura mai da ƙarfi, kuma yana zama a gurbin tsohon ba tare da an yi wa motar ɓarna ba. Ka sa masa kafireto biyu, ka raba salansa biyu, ka haɗa shi da giyabos mai giya biyar na S-10 da aksul mai buɗaɗɗiyar farfela. In ka ɗaga bonet, idon mai kallo 1952 zai gani. In ka hau titi, za ka bi sahun mutane ba tare da injin ya wahala ba. Ƙarar silinda shida ta salansa biyu kuwa, har yau ban ji mai silinda takwas da ya fi ta daɗin kunne ba.

In niyyarka ka ja ta zuwa baje koli sau uku a shekara, mayar da ita asali. In so kake ka ɗauki iyali ka yi tafiyar awa huɗu da na'urar sanyaya ciki, sa LS, ka fara daga birki da shasi, inji ya zo ƙarshe. Kafin ka biya ko sisi, shiga ƙarƙashinta da tocila da guduma ƙarama, ka bubbuga shasin daga inda sifirin baya ke maƙale har zuwa ƙasan kan mota. Ƙarfe mai lafiya amsawa yake da ƙara, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum, ɓawo yana zubo maka a fuska. Ka ɗauko hoton wuraren nan, da hoton lambar da ke kan takarda da ta jikin ƙofa, ka turo mu duba tare.