Batirin mota a lokacin hunturu: wanne za ka saya a Suame?

Daga Disamba zuwa Fabrairu, idan hunturu ya sauko Kumasi, ana fitowa sallar asuba za ka ga matasa suna tura mota a Aboabo ko Asawase. Mai mota ya murɗa makulli, sai ƙas-ƙas, shiru. Kowa ya ce sanyi ne. Gaskiya sanyi yana rage wa batir ƙarfi, man inji ma yakan yi kauri. Amma sanyinmu bai kai ya kashe lafiyayyen batir ba. Zafin rana da na inji ne suka daɗe suna cinsa, hunturu asirinsa kawai ya tona.

Shi ya sa nake jin zafi idan na ga an sayar wa mutum batir da tsada saboda lambar CCA da ke jikinsa. Wannan lambar tana nuna wutar da batir zai iya bayarwa na daƙiƙa 30 a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili. Ma'auni ne na Kanada da arewacin Amurka, inda yawancin motocin da ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Tema suka yi rayuwarsu ta farko. Mu a nan, a samu wadda kamfanin motar ya rubuta, ya isa. Mai dizal kam ya kula, injinsa ya fi cin wuta wajen tashi. Abin da ya fi dacewa ka duba shi ne lambar Ah, mai nuna yawan wutar da batir ke ajiyewa, da girman batir, da ɓangaren da kawunansa suke, kada ka isa gida waya ta ƙi kaiwa.

Batir mai marfi, wanda ake ƙara wa ruwa, shi ne mafi araha, kuma ni ina ganin girmansa a ƙasar zafi: ruwa ya ja baya, ka ƙara. Sharaɗin shi ne ka riƙa dubawa duk wata, kuma tataccen ruwa na batir za ka zuba, ba asid ba, ban da na famfo. Direban tasi ko trotro da ke buɗe bonet kullum, wannan nasa ne. Wanda ya san ba zai duba ba, ya ɗauki rufaffen, ya huta.

Sai batir irin AGM da EFB, masu tsada. Su ake sa wa motocin da ke kashe kansu a danja su sake tashi. Idan motarka irin wannan ce, kada ka sa mata batir na gama-gari, ba zai daɗe ba. Idan kuwa tsohuwar Corolla ce, kuɗin AGM gara ka sa su a taya.

Batirin hannu fa? A Suame Magazine, kasuwar kayan mota ta Kumasi, akwai shi jibge, na san kuma aljihu ne ke kai mutum can. Amma ba ka san shekarunsa ba, ba ka san sau nawa ya mutu aka tashe shi ba. In dole ne, ka tafi da fitanka ya gwada shi da na'urar da ke ɗora masa nauyi. Tartsatsin waya ba gwaji ba ne.

Sabo ma a sa masa mita a gabanka. Cikakken batir yana nuna volt 12.6, in ya yi ƙasa da 12.4, ya daɗe a kanta. Duba ranar da aka ƙera shi, ka karɓi takardar garanti. Bayan an ɗaura, a tayar da mota a sake aunawa: ya kamata ka ga kusan 14. In bai kai ba, altaneta ce ba ta caji, kuma sabon ma ba zai kai ƙarshen hunturu ba sai an gyara ta.