Bawul mai ƙwallo ko mai faifan roba?

Masu gidajen burodi a Sakkwato da suka koma gas suna yawan wannan tambaya. Bawul dai shi ne makullin da ke buɗe ko rufe hanyar gas a bututu. Mai ƙwallo, wato wanda ke da ƙwallo mai huda a ciki, ba wuya: murɗa ɗaya, gas ya tsaya cak. Amma bai iya rage wuta kaɗan-kaɗan ba.

Ɗayan kuwa faifan roba ne a ciki, yana sauka yana ɗagawa, gas ya wuce gwargwadon buƙata, kuma ba ya kaiwa ga sandar murɗawa balle ya yi yoyo. Sai dai roba na gajiya. Zafin Afrilu mai haura digiri 40, ga na tanda, yakan busar da ita ta tsage. A nemi ta nitril, don gas na kumbura wasu robobin.

Ni dai, mai ƙwallo a bakin tukunyar gas, mai roba wajen saita wuta.