Chanel No. 5: turaren 'yan tawayen 1921 ya koma na manyan mata

Wadda hancinta ya saba da humra da turaren wuta, feshin farko na Chanel No. 5 zai iya sa ta ja da baya. Babu zaƙin oud, babu nauyin miski. Wani ƙamshi mai kaifi ne yake fara dukan hanci, kamar an ɓare sabon sabulu mai tsada. Sai an ba shi kusan rabin awa yake kwantawa, yasmin da wardi su fito a hankali, can ƙasa kuma sandal da banila su zauna a fata. Wannan zangon na ƙarshe shi ne ya hana ni yin da-na-sanin kuɗina.

Kaifin nan da gangan aka sa shi. Ernest Beaux, wanda ya haɗa turaren a 1921, ya zuba masa sinadaran da ake kira aldihaid fiye da yadda aka saba, don kada ya yi ƙamshin fure ɗaya tak. A Turai ta lokacin, ƙamshi ma yana raba mata gida biyu: 'yar mutunci ta shafa na fure guda mai sanyi, mai nauyi kuwa a ce na matan banza ne. Gabrielle Chanel, mai ɗinkin kayan mata 'yar Faransa da turaren ke ɗauke da sunanta, ta cakuɗa biyun a kwalba mai kusurwa huɗu, ba ado, ba sunan soyayya, sai lamba. Labarin da aka fi yaɗawa shi ne samfuri na biyar ta zaɓa cikin waɗanda Beaux ya jera mata.

Waɗanda suka fara rububinsa su ne matan zamanin da Turawa suka laƙaba wa 'yan matansa suna flappers. Yaƙin duniya na farko ya kwashe samari, mata sun shiga masana'antu da ofisoshi, sun ɗanɗana kuɗin guminsu, suka ƙi komawa yadda suke. Suka datse gashi iya kunne, suka jefar da ɗamarar nan mai matse ƙugu har numfashi ya gagara, siket ya yi ta hawa har ya kai gwiwa wajen 1926. Suna tuƙa mota, suna zuƙar taba a bainar jama'a, suna kwana rawar Charleston. A Amurka, inda aka haramta sayar da giya daga 1920 zuwa 1933, har mashayar ɓoye suke shiga. Wasu shaguna sun kori ma'aikata mata saboda aski kawai, kuma a 1922 an ɗauki hoton wani jami'i a Washington yana gwada tsawon kayan wankan mata da awo a bakin ruwa. Su ma masu haɗa turare sun ga kasuwa: kamfanin Caron ya fitar da turaren Tabac Blond a 1919 domin mata masu shan taba.

Ba duk abin da suka yi ne ya burge ni ba, taba da giya ba su taɓa zama 'yanci a idona ba. Amma a 1920 ɗin nan ne matan Amurka suka samu damar jefa ƙuri'a a faɗin ƙasar, a Ingila kuma sai 1928 aka bar 'yar shekara 21 ta yi zaɓe kamar namiji, jaridu suna ta yi musu ba'a. Wadda ta fita da gajeren gashi a wancan lokaci ta san zagin da zai biyo baya, ta kuma fita.

Ita kanta Chanel ba waliyiya ba ce. Ta tashi cikin talauci, mahaifiyarta ta rasu tana ƙarama, ta ɗauki yadin jesi da ake wa maza kayan ciki da shi ta ɗinka wa mata rigunan da za su iya motsi a ciki. Wannan kam ta yi ƙoƙari. Amma a 1924 ta shiga yarjejeniya da iyalin Wertheimer, 'yan kasuwa Yahudawa, ta tsira da kashi 10 cikin 100 na kamfanin turaren, abin ya tsaya mata a rai. Da Jamusawa suka mamaye Faris a yaƙin duniya na biyu, ta zauna a otal ɗin Ritz tare da wani jami'insu, ta kuma nemi amfani da dokokin 'yan Nazi na ƙwace dukiyar Yahudawa don ta karɓe kamfanin. Ba ta yi nasara ba. Duk mai fesa turaren nan ya kamata ta san wannan ma.

Abin dariyar, da ƙanwata ta shinshina hannuna cewa ta yi, "Yaya, wannan ai turaren Hajiya ne." Kuma gaskiyarta. Ƙamshin da ya girgiza iyayen 1921 yanzu shi ne na mace mai shekaru, mai leshi da gwal, wadda ake miƙewa in ta shigo. 'Yan matan yanzu masu son ƙamshin alewa ba za su gane masa ba.

A jikina ya fi daɗi da yamma da kuma lokacin sanyi. Da zafin rana feshi ɗaya ya isa, in aka ƙara sai ya cika ɗaki. A mayafi yana kwana. Kada a haɗa shi da kayan da aka turara, domin hayaƙin sandal da hawi yana danne furannin gaba ɗaya, kuɗi ya tafi a banza. Tsada kam akwai ta, jabunsa kuma ya cika kasuwa. In aka ce miki ga shi da araha, bar musu kayansu. Ki fara neman a fesa miki a wuyan hannu, ki je ki gama cefanenki, in bayan awa biyu kina son abin da kike ji, sai ki koma ki sayi ƙaramar kwalba.