Gargaɗi ga masu injin milin: a yi hattara da masu cewa "bod ya ƙone"

Assalamu alaikum. Ina jan hankalin 'yan'uwa masu sana'ar ƙarfe, musamman waɗanda suka ajiye injin milin, wato injin da ake sassaƙa ƙarfe da shi, a ƙaramin shago ko a zauren gida suna neman halaliyarsu, game da wani salon damfara da ake yi da sunan gyaran fawa fid, wato na'urar nan mai ƙaramin moton lantarki da ake ɗaurawa a gefen teburin injin domin ta riƙa tura shi hagu da dama ba sai an juya hannu ba. Masu wannan ta'asa sun gane cewa yawancinmu mun san ƙarfe kuma mun san awo, amma da zarar matsala ta shiga ɓangaren wuta sai mu miƙa wuya ga duk wanda ya iya baki.

Suna shiga zaurukan masu sana'a na WhatsApp da Facebook su yi shiru, har ranar da wani zai rubuta cewa fawa fid ɗinsa ya tsaya yana neman shawara. Ba za su amsa masa a bainar jama'a ba, domin a can akwai waɗanda za su iya ƙaryata su. Sai mutum ya biyo shi ta bayan fage, ya gabatar da kansa a matsayin injiniya, ya nemi a turo masa ɗan bidiyo, kafin a ce kwabo ya yanke hukunci: "Oga, bod ɗinka ne ya ƙone." Bod shi ne ɗan farantin da ke ɗauke da kayan lantarkin na'urar. Daga nan zai ce saura guda ɗaya tak a hannunsa a Legas, kuma wani ya riga ya taya, saboda haka a tura rabin kuɗi a riƙe kaya. Asusun da zai bayar ba da sunansa ba ne, zai ce na ƙaninsa ne ko na yaron shago. Bayan an tura sai maganar kuɗin mota ta taso, wani lokaci har wani ya kira ya ce shi ne direba, yana tasha, ba zai ɗauki kaya ba sai an cika.

Wani abokin aikina, dattijo mai iyali wanda da injin nan yake ciyar da gidansa, ya faɗa hannunsu. Shi an ma aiko masa da kaya, kuma a gabana aka kwance ƙunshin. Tsohon bod ne naɗe a cikin jarida, layukan tagullar bayansa sun yi baƙi a wuri biyu, an kankare lambar da ke jikinsa da wuƙa, yana ƙaurin ƙonewa, ga ɗigon dalma sabo da aka lafta domin a ce an duba shi. Da ya kira lambar sai ya tarar an toshe shi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, da muka koma kan injin muka bi shi a natse, bod ɗinsa na asali lafiyarsa ƙalau. Ƙaramin sandan makunnin iyaka, wato makunnin da ke tsayar da tebur idan ya kai ƙarshe, shi ne ya maƙale a ciki, saboda ɓarɓashin ƙarfe da busasshen ruwan sanyaya aiki da suka taru a kansa. Tsumma da kananzir suka gyara abin da aka karɓar masa kuɗin cefanen gida a kai.

Babu ma'aikacin kirki da zai kalli bidiyo ya rantse cewa bod ya ƙone, domin abubuwan da ke tsayar da wannan na'ura suna da yawa, kuma bod yana cikin na ƙarshe da ake zargi. Wutar da ta shigo tana bi ta makunni da birekar kariya, ta ratsa makunnin iyaka da ƙananan makunnan da libar gaba da baya take dannawa, sannan bod ya mayar da ita irin wutar da moton yake ci, ya rage ta ko ya ƙara gwargwadon yadda aka murɗa abin daidaita gudu, wanda masu gyara suke kira bolum. A ƙarshe wutar tana shiga amecha, wato ɓangaren da ke juyawa a cikin moto, ta kan kabon guda biyu da ke gogarsa. Ko'ina a wannan hanya aka sami yankewa, tebur zai tsaya cik.

Saboda haka kafin a saurari kowa, a zare fulogi daga wuta, sannan a fara da abin da ido yake gani. A duba ko makullan tebur suna ɗaure, domin tura tebur a kulle yana sa moto ya ja wuta fiye da kima har bireka ta faɗi, kuma maganin wannan shi ne a sassauta makulli a mayar da bireka. A danna sandunan makunnin iyaka da yatsa a ji ko suna dawowa da kansu. Idan tebur yana tafiya ɓangare ɗaya ya ƙi ɗayan, to can ne wurin fara bincike, ko kuma makunnan cikin liba. A kwance murafun kabon da ke jikin na'urar da sukudireba a zaro su, a ga ko sun cinye, ko sifirin ya saki, ko maiƙo ya ɓata su. Bayan an mayar da komai an kunna, maɓallin sauri yana ba da babbar shaida, domin shi yana tsallake bolum ne ya ba moto cikakkiyar wuta. Idan an danna shi tebur ya ruga amma gudun aiki ya ƙi, moto da kabon sun fita daga zargi, saura bolum ko bod, kuma bolum ana auna shi da mita a ga ko awon yana hawa da sauka sumul ko yana tsalle. Idan kuwa ana jin moto yana juyawa amma tebur bai motsa ba, maganar wuta ma ba ta taso ba, a buɗe ƙasa a duba giyar roba, wadda da gangan aka yi ta da roba domin ta cinye ta ceci sauran kayan idan tebur ya ci karo. Ko da an tabbatar bod ne, sau da yawa abu ɗaya ne ya mutu a kansa, kamar ɗan ƙaramin kayan da ake kira SCR, mai sarrafa wutar, wanda idan ya haɗe sai moto ya riƙa gudu iya ƙarfinsa ko an murɗa bolum ƙasa, kuma ƙwararren mai gyaran rediyo da talabijin yana iya canza shi.

Akwai wani fannin damfarar da ya fi wannan haɗari, shi ne na ƙarfin wuta. Injinan milin masu tsarin Bridgeport, wanda aka fara ƙerawa a Amurka a 1938, da kwaikwayonsu na Taiwan da Sin, su ne suka cika shagunan irinmu, kuma yawancin fawa fid da ke zuwa da su na wuta 110 ne, irin wadda ake amfani da ita a Amurka da Taiwan, alhali wutar gidajenmu a Najeriya da Nijar tana tsakanin 220 da 240. Shi ya sa a kan irin waɗannan injinan ake samun taransifoma mai rage wuta da soket na musamman domin na'urar. Gaskiya ne ana ƙera masu cin 220, amma macuta suna ɗauko tsohuwar na'ura ta 110, su fesa mata fenti, su yanke fuloginta mai faffaɗan haƙora su sa irin namu, su liƙa takarda mai rubutun 220 a kan farantin asali, su sayar a matsayin sabuwa. Wanda ya jona ta kai tsaye a bango zai ji ƙara da hayaƙi nan take, wannan karon bod ya ƙone da gaske, wataƙila har da amecha. Idan ya koma da ƙorafi sai a ce masa wutar unguwarsu ce ta yi yawa ko janaretansa ne, kuma da yake kowa ya san halin wutarmu, sai ya yarda ya haƙura. Duk wanda zai sayi irin wannan na'ura ya sa farce ya ɗaga takardar da aka liƙa, ya karanta abin da aka buga a jikin ƙarfen, kuma ya sa a jona ta a gabansa a shagon mai sayarwa, ta yi gaba, ta yi baya, ta yi gudu a hankali da sauri, kafin ya fitar da ko sisi.

Haka nan a yi hankali da mai zuwa har shago ya ce zai tafi da bod ya gwada a gida, domin ana musanya mai kyau da matacce. A ɗauki hotonsa gaba da baya, a yi masa alama, ko a ce ya gwada a nan. Wani kuma sai ya haɗe wayoyin bireka ko na makunnin iyaka da guntun waya, inji ya tashi, ya karɓi ladansa ya tafi. Wannan ba gyara ba ne. An cire wa na'urar kariyarta ne, ranar da tebur ya kai ƙarshe ba abin da zai tsayar da shi, giya ta kakkarye ko moto ya ƙone, kuma idan yaron shago yana kusa abin yana iya zama rauni a jikin mutum. Wayar ƙasa ma, wadda ke kare mutum daga jan wuta, a tabbatar ba a cire ta ba, domin jikin na'urar ƙarfe ne kuma hannu a kansa yake wuni.

Wanda zai sayi kaya daga nesa ya nemi kiran bidiyo a nuna masa kayan a hannu tare da lambar jikinsa, ya tambayi adireshin shago ya aika wani amintaccensa da ke garin ya gani da ido, kuma kada ya tura kuɗi asusun da sunansa ya saɓa da na mai sayarwa. Gaggawar da ake ɗora masa ita kanta alama ce. A mayar da maganar cikin zaure a tambayi 'yan'uwa ko akwai wanda ya taɓa ciniki da mutumin.

Wanda kuma abin ya riga ya shafa, kada kunya ta sa ya yi shiru, domin dattijon da na ambata ya daɗe yana ɓoyewa, a tsakanin nan kuwa mutumin yana nan cikin zauren yana farautar wasu. A adana rasit ɗin tura kuɗi da saƙonni da muryoyin da aka yi musaya, a garzaya banki a shigar da ƙorafi a rubuce tun kuɗin ba su yi nisa ba, sannan a kai rahoto ga 'yan sanda ko hukumar EFCC. A Najeriya, dokar zamba cikin aminci ta 2006 ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 7 ba kuma bai wuce 20 ba ga wanda aka samu da laifin karɓar dukiyar wani ta hanyar yaudara. A kuma miƙa shaidar ga shugabannin zauren da na ƙungiyar masu sana'a ta unguwa, domin su cire shi su sanar da sauran zaurukan da yake ciki.