Kyoto ko Paris: Wane Salo Ya Fi?

Ana yawan tambayata wace yarjejeniyar sauyin yanayi ta fi. Ta Kyoto, ta 1997, ta wajabta wa ƙasashe masu arziki rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, kowa da kasonsa. A takarda akwai ƙarfi, amma Amurka ba ta tabbatar da ita ba, Kanada ta sanar da ficewa a 2011, Sin da Indiya kuwa ba a ɗora musu kaso ba.

Ta Paris, ta 2015, ta bar kowace ƙasa ta yanka wa kanta alkawari, ta sabunta duk shekara biyar. Shiga ba wuya. Wanda ya saɓa fa? Babu tara, sai dai kunya, in yana jin ta.

Salon Kyoto ya dace da ƙasashen da suka amince da juna, irin na Tarayyar Turai. Na Paris kuwa na masu son a tafi da kowa ne.