Abinci, ninkaya da nishaɗi a jirgin ruwan shaƙatawa: abin da muka tarar a Tekun Fasha

A hutun ƙarshen shekara ne muka tashi daga Abuja zuwa Dubai, ni da maigidana da yaranmu da surukata Hajiya, muka shiga ɗaya daga cikin manyan jiragen ruwan shaƙatawa da ke zagaya Tekun Fasha a lokacin sanyi, suna yada zango a Abu Dhabi da tsibirin Sir Bani Yas da Doha. Tun da muka dawo abokan aiki ke tambayata ko wuri ne da iyalin Musulmi za su je hankalinsu kwance. Za su iya, kuma za su ji daɗi, amma da sharaɗin su yi tambaya tun kafin su biya kuɗi, domin an tsara zaman cikin jirgin ne bisa al'adar Turawa, kuma babu wanda zai san buƙatarka idan ba ka buɗe baki ka faɗa ba.

Kuɗin tikiti ya haɗa da abinci a wurare biyu. Akwai babban ɗakin da ke can sama kusa da wurin ninkaya, inda ake jera abinci kowa ya ɗiba da kansa kusan duk yini, sannan akwai ɗakin cin abincin dare, inda ake ba kowane iyali teburinsa da masu hidimarsa har ƙarshen tafiya. A ɗakin sama ido yana ƙoshi kafin ciki: burodi kala-kala, 'ya'yan itatuwa, taliya, kifi, shinkafa da miyar Indiyawa, da ɗan sashen abincin Larabawa. Sai dai ban sake da wurin ba ko kaɗan. Naman alade yana nan a jere kusa da sauran nama, musamman da safe, kuma da idona na ga wani fasinja ya ɗauki cokalin wannan faranti ya tsoma a wancan. Rubutun da ke gaban kowane abinci sunansa kawai yake faɗa, ba ya bayyana ko an zuba giya a romon, ko akwai jelatin (sinadarin daskarar da kayan zaƙi da akan samu daga fata ko ƙashin dabbobi, har da alade) a kayan zaƙin. Saboda haka a can mun tsaya ga kifi da ƙwai da ganyayyaki da abin da aka dafa a gabanmu.

Ɗakin abincin dare shi ne ya biya mu kuɗinmu. Mun sanar da wakilin tafiye-tafiyenmu tun muna Abuja cewa naman halal muke so, muka kuma sake tuna wa shugaban masu hidima a ranar farko. Allah ya haɗa mu da wani matashi Musulmi ɗan Indonesiya, wanda da ya ga Hajiya da mayafinta sai ya rusuna ya yi sallama, ya riƙa kiranta Mama har muka rabu. Kowane dare bayan an kwashe kwanuka yakan kawo mana jerin abincin gobe, ya bi shi da yatsa layi-layi yana nuna wanda aka dafa da giya da wanda za a iya girka mana daban, mu zaɓa, ya kai wa masu girki. Ranar da autarmu ta miƙa hannu za ta ɗauki wani kek mai ƙamshin kofi, cikin natsuwa ya janye farantin ya kawo mata askirim. Irin wannan kula ba ta samuwa a wurin da mutane dubbai ke ɗiban abinci, shi ya sa nake ba duk mai niyyar tafiya shawarar kada ya guje wa teburin dare don ƙyuyar sa kaya masu kyau.

Game da ɗanɗano kuwa, gaskiya abincin lami ne ga harshen Bahaushe. An iya gashin kifi, burodin kuma kullum da zafinsa, amma babu yaji, gishirin ma sai a hankali. Da Hajiya ta fara kewar tuwo, ƙullin yajin da ta taho da shi ne ya cece mu, har maigidan ya riƙa cewa, "Hajiya, a taimaka mana da ɗan garin nan." Zama biyu ake yi na abincin dare, mu kuma na biyun muka zaɓa, domin na farkon yana zuwa dab da magariba, ga shi agogon Dubai yana gaban na Nijeriya da awa 3, yara ba su jin yunwa da wuri.

Wurin ninkaya ne bai kai yadda hotunan talla suka nuna shi ba. Duk girman jirgin, kwamin iyon bai kai na manyan otal-otal na Abuja ba, kuma akwai dalili: kowace mita ɗaya ta ruwa a tsawo da faɗi da zurfi nauyinta tan 1 ne, kuma ɗora nauyi mai yawa a saman jirgi yana taɓa daidaituwarsa a kan teku. Ranar da jirgi ya wuni yana tafiya ba a samun masaka tsinke, ga kiɗa mai ƙarfi, ga shigar da ba za ka so yaranka su yi ta kallo ba. Babu lokacin mata zalla a jirgin da muka shiga, kuma wannan ya dame ni ƙwarai, ganin yawan iyalan Larabawa da ke ciki. Babu wanda ya hana ni shiga da rigar iyo mai rufe jiki, amma sai da sassafe nake zuwa, ko kuma ranar da jirgi ya tsaya a tasha jama'a suka fita gari. Yara sun more wurin sulu da na feshin ruwa, tawul kuma kyauta ake bayarwa. Akwai mai tsaron masu iyo, amma ido ɗaya ba ya isar yara masu yawa, don haka uwa kada ta matsa. Wanda yake son iyo na sosai ya jira Sir Bani Yas, inda bakin tekun yake da fili, ruwan kuma a kwance.

Nishaɗin dare sai an zaɓa. Ana yin wasa sau biyu a babban zaure don ya dace da zaman abinci biyun, kuma kullum ana kawo takardar shirye-shiryen gobe a ɗaki. Wasan masu tsalle-tsalle da lilo a kan igiya da na mai dabo sun burge kowa, har Hajiya sai da ta riƙe baki tana salati. Daren raye-raye kuwa ba mu kai yara ba, don mun leƙa mun ga irin tufafin. Sashen kula da yara ya yi mini daɗi, domin ba a sakin yaro sai ga wanda aka rubuta sunansa. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda aka kafa gidan caca a tsakiyar hanyar zuwa zauren, amma mun gano cewa idan aka bi ta wani benen ana iya kauce masa. A riƙe rigar sanyi idan za a hau sama da dare, don iskar tana kama da ta Jos a watan Disamba.

Ba a taɓa tsabar kuɗi a cikin jirgi. Katin ɗaki shi ne mabuɗi, shi ne kuma abin biya, kuma a nan ne aljihu ke zubewa ba a sani ba. Ruwa da shayi kyauta ne a ɗakin sama, amma lemon kwalba da intanet da hotunan da masu ɗaukar hoto ke yi duk da kuɗinsu, ga ladan ma'aikata da ake ƙarawa kan kowane fasinja kowane dare, duk da kuɗin waje. Akwai tsarin abin sha marar giya, shi ya fi dacewa da mu, kuma ya fi araha idan aka saya tun kafin shiga. A riƙa duba lissafi kullum a wayar hannu ko talabijin ɗin ɗaki, a kuma gyara duk wani kuskure da wuri, domin a daren ƙarshe layin masu ƙorafi a teburin karɓar baƙi yakan yi tsawo sosai.