ELAN ko ANVIL: wanne ya dace da nazarin motsin hannu a bidiyo?

Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, masu binciken yadda ake sarrafa kwamfuta da motsin hannu, sun sha tambayata wacce manhaja za su ɗauka tsakanin ELAN da ANVIL domin nazarin bidiyon da suka ɗauko. Ta fuskar kuɗi babu gardama, domin dukkansu kyauta ne ga mai bincike.

Cibiyar binciken harshe ta Max Planck da ke Nijmegen a ƙasar Holan ce ta samar da ELAN. Mai nazari yana buɗe layuka a ƙarƙashin bidiyo, ɗaya na hannun dama, ɗaya na hagu, wani na magana, yana yanka daidai inda hannu ya ɗaga da inda ya sauka. Sabon shiga kan kama hanya cikin yini guda, kuma har yanzu ana sabunta manhajar.

ANVIL, wadda Michael Kipp ya ƙirƙira a Jamus, ba ta yarda a fara aiki sai an rubuta mata tsarin rabe-raben motsin tun farko. Wannan yana cin lokaci, amma a ganina ribarsa babba ce, domin idan mutum uku suna aiki ɗaya, babu wanda zai raɗa wa motsi sunan da ya ga dama. Matsalarta ita ce ta kwana biyu, kuma bidiyon waya kan buƙaci a sauya masa tsari kafin ya buɗe.

Ɗalibin da yake aiki shi kaɗai, lokaci kuma ya ƙure masa, ELAN ce ta dace da shi. Rukunin da ya riga ya tsayar da rabe-rabensa, kuma akwai mai hannu a kwamfuta cikinsu, zai ji daɗin ANVIL.